Daga Yafa Zuwa Dutsen Zaitun: Hanyar Da Al'ummai Suka Bi Suka Shiga Gida

Masu shirya ziyarar Ƙasa Mai Tsarki sun saba ajiye Yafa a ranar farko ko ta ƙarshe, saboda kusancinta da filin jirgin sama na Ben Guriyon. A sauke mutane na minti talatin, a ɗauki hoto da teku a baya, a koma mota. Mu da muka je cikin watan Nuwamba, lokacin girbin zaitun, wuni guda muka ba ta. Daga nan muka bi jerin da littafin Ayyukan Manzanni ya bi daga sura 10 zuwa 15, wato Yafa, Kaisariya, sannan Urushalima, wadda 'yan'uwanmu Musulmi ke kira Kudus. Tambaya guda muka ɗauko daga gida: su wa ne mutanen Allah, kuma mu da ba Yahudawa ba ta wace ƙofa muka shiga?

Tun da aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kalmar da bakinmu ya saba da ita ita ce Al'ummai. Fassara ce mai kyau, domin asalin kalmar a Ibrananci da Helenanci ma'anarta kabilu ko ƙasashen duniya, duk wanda ba na Isra'ila ba. Wasu masu wa'azi kan sauya ta da "arna", kuma nan ake fara ɓata zancen. Karniliyas da za mu je garinsa mai tsoron Allah ne, mai sadaka, mai addu'a kullum, amma a cikin Al'ummai yake. Bahaushe, Bakataf, Bature, Balarabe, duk sunanmu ɗaya a wannan lissafi.

Tsohuwar Yafa tudu ce a bakin teku, a kudancin Tel Abib, da lunguna na dutse masu matakala. A sa takalmin da ba ya santsi. Gidan da al'ada ta ce na Saminu majemi ne yana can ƙasa kusa da hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Gidan mutane ne, a rufe yake, ƙofar da rubutun da ke samanta kawai ake gani. Ni dai a ganina tsayawa a bakin ƙofar ya wadatar, domin abin lura shi ne wurin da gidan yake da sana'ar mai shi. Duk wanda ya taɓa bi ta majema ya san warin, ya kuma san dalilin da ake kai ta gefen gari kusa da ruwa. Majemi kullum hannunsa na cikin fatar matacciyar dabba, kuma Yahudawa masu kiyaye tsarki ba sa son kusantar wannan sana'a. A nan Manzo Bitrus ya sauka kwanaki da yawa. Ke nan tun kafin wahayin ya zo, ya riga ya fara sassauta wani abu.

A soron gidan, da tsakar rana, yana jin yunwa, ya ga abu kamar babban mayafi ana saukowa da shi ta kusurwa huɗu, cike da dabbobi da masu jan ciki da tsuntsaye, aka ce ya yanka ya ci. Ya ƙi. Sau uku aka yi haka. Zanen wannan wahayi yana bisa bagaden Cocin Bitrus da ke kan tudun, ginin da 'yan ɗariƙar Faransiskan suka sake tayarwa tsakanin 1888 da 1894. Ana rufe cocin da tsakar rana na wasu awoyi, don haka a zo da safe ko da la'asar. Kuskuren da na fi ji a bakin masu ziyara shi ne ɗaukar wahayin a matsayin izinin cin kowane nama, a tsaya nan. Bitrus da kansa ya faɗi fassararsa a aya ta 28: Allah ya nuna masa kada ya ce da kowane mutum ƙazami. Daga wannan tashar ruwa ce kuma Annabi Yunusa ya shiga jirgi yana gudun aiken da aka yi masa zuwa Nineba, birnin Al'ummai.

Daga Yafa zuwa Kaisariya kusan kilomita 55 ne ta babbar hanya mai lamba 2, awa guda a mota in babu cunkoso. Bitrus da 'yan'uwa shida da suka raka shi zuwa gidan Karniliyas, wanda ya aiko a kira shi, sai da suka kwana a hanya. Akwai tashar jirgin ƙasa mai sunan Kaisariya, amma tana nesa da kangon tsohon birnin, sai an ƙara da tasi. Daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar jiragen ƙasa da yawancin bas-bas ba sa aiki saboda Asabaci, kuma mutane da yawa sun maƙale a kan wannan. Wurin gandun tarihi ne na gwamnati, ana biyan kuɗin shiga, inuwa kaɗan ce, a riƙe ruwa da hula. Awa uku ne mafi ƙarancin abin da zai isa.

Hirudus Babba ne ya gina birnin tsakanin shekara ta 22 da ta 10 kafin haihuwar Almasihu, ya sa masa sunan Kaisar Augustas. Da ka shiga za ka ji ka bar ƙasar Yahudawa ka faɗa Roma: gidan wasan kwaikwayo mai cin mutum kusan 4,000, filin tseren dawaki a bakin teku, tudun da haikalin Kaisar ya tsaya a kai yana kallon tashar jiragen ruwa, da magudanar ruwa mai bakuna da ta taso daga gindin Dutsen Karmel. A gidan wasan ne aka tono dutsen da ke ɗauke da sunan Bilatus a 1961. Wanda ake gani a wurin kwafi ne, na ainihin yana Gidan Tarihin Isra'ila a Urushalima. Babu wanda zai nuna maka gidan Karniliyas, amma birnin kansa ya isa bayani. Hafsan soja ne mai kula da mutum ɗari a rundunar da ta mamaye ƙasar, a hedikwatar mulkin mallaka. Bayahude ya tsallaka dokin ƙofar irin wannan mutum, ya ci abinci da shi, ya kwana a gidansa, ba ƙaramin abu ba ne. Da Bitrus ya koma Urushalima, tuhumar da aka yi masa ba ta taɓa baftismar da ya yi musu ba. Cewa aka yi ya shiga wurin marasa kaciya ya ci tare da su. Gabar da ke tsakanin Yahudawa da Helenawan wannan birni kuwa ba ta kwanta ba. A shekara ta 66 rikici kan wata majami'a a Kaisariya ya zama tartsatsin yaƙin da ya ƙare da rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70, kuma marubucin tarihi Yosifus ya ce an kashe Yahudawa 20,000 a birnin.

A nan sai an yi wa mai karatu Bahaushe ƙarin bayani, domin a wurinmu kowane namiji ana yi masa kaciya, Musulmi da Kirista, har gardamar takan zama kamar ba ta da kai. A wurin Bayahude kaciyar rana ta takwas ita ce hatimin alkawarin da Allah ya yi da Ibrahim. Baƙon da ya yarda aka yi masa ya zama Bayahude ke nan, ya ɗauki Shari'ar Musa gaba ɗaya, da Asabaci da dokokin abinci. Saboda haka abin da ake tambaya shi ne ko dole mutum ya bar kabilarsa ya zama Bayahude kafin a lissafa shi cikin mutanen Allah.

Daga Kaisariya zuwa Urushalima kusan awa biyu ne, ana hawa daga bakin teku zuwa tsaunin da ya kai mita 750 ko fiye. A Nuwamba dare yana da sanyi kamar na hunturun Jos, a zo da rigar sanyi. Shawarata ita ce a fara da Gidan Tarihin Isra'ila kafin tsohon birni. A farfajiyarsa akwai samfurin Urushalima kamar yadda take a shekara ta 66, an ƙanƙanta ta sau 50. A leƙa filin Haikali a nemi wani gajeren shinge da ya kewaye ginin tsakiya. Yosifus ya ce tsayinsa kamu uku ne, wajen mita ɗaya da rabi, kuma an jera duwatsun gargaɗi a jikinsa da Helenanci da Latin. An sami ɗaya cikakke a 1871, Bafaranshe Kilamon-Gano ne ya gano shi, yanzu yana gidan tarihi a Istambul. Gutsuren wani da aka samu a 1935 kusa da Ƙofar Zakuna yana cikin wannan gida, a sashen kayan tono, har da ragowar jan fenti a cikin haruffan. Abin da rubutun ke cewa shi ne kada baƙo ya wuce shingen, wanda aka kama kuwa alhakin mutuwarsa na wuyansa. Mutane da yawa kan wuce shi da sauri suna neman akwatin ƙasusuwan Kayafa babban firist. Na daɗe a gabansa, domin wannan dutse da mu yake magana.

Da shi ake gane Ayyukan Manzanni 21. An ga Bulus a cikin gari tare da Turofimas mutumin Afisa, aka zaci ya shigar da shi bayan shingen, gari ya ruɗe, aka nemi kashe shi. Sojoji 470 ne suka fitar da shi da dare zuwa Kaisariya, inda ya yi shekara biyu a tsare. Da wasiƙar Afisawa ta ce a sura 2 Almasihu ya rushe katangar da ta raba Yahudawa da Al'ummai, ya mai da biyun sabon mutum ɗaya, mai karatu na farko ya san akwai katangar da ake mutuwa a kanta.

Filin da Haikalin ya tsaya a kai shi ne Haramin Kudus a yau, inda Masallacin Aƙsa da Ƙubbar Sahara suke, wuri na uku a daraja ga Musulmi. Wanda ba Musulmi ba ta Ƙofar Magariba kaɗai yake shiga, ta wata gadar katako kusa da Bangon Yamma inda Yahudawa ke addu'a, daga Lahadi zuwa Alhamis, 'yan awoyi da safe da ɗan lokaci bayan azahar, kuma ana iya rufewa ba sanarwa. Ba a shiga da Littafi Mai Tsarki ko gicciye a fili, ba a yin addu'a ko waƙa, ba a shiga cikin masallatan, tufafi kuma su rufe hannu da ƙafa. A bar littafin a masauki, a girmama masu wurin. Wanda ke son karatu ya sauka zuwa matakalar kudu, a gandun tono da ke kusa da Ƙofar Juji. Wasu daga cikin matakan na zamanin Yesu ne, ga kuma ramukan wankan tsarki birjik a gindinsu. A nan muka zauna muka karanta sura 15.

Surar tana ba da labarin taron manzanni da dattawa a Urushalima a kan kaciyar Al'ummai, wanda aka yi wajen shekara ta 48 ko 49. Bitrus ya ba da labarin Kaisariya, Barnaba da Bulus suka faɗi abin da suka gani a tafiyarsu, Yakubu ɗan'uwan Ubangiji ya kawo annabcin Amos a kan sake gina bukkar Dawuda domin Al'ummai su nemi Ubangiji. Aka yanke cewa ba za a ɗora wa Al'ummai kaciya ba, sai abu huɗu: su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Uku daga ciki na akushi ne, kuma duk wanda ya tashi a inda ba a cin mushe zai gane hikimar. An nemi hanyar da Bayahude mai kiyaye Shari'a da Baheleni za su sa hannu a ƙwarya ɗaya. A lura kuma da abin da taron bai taɓa ba. Duk masu yanke shawarar Yahudawa ne, kuma ba wanda ya tambaya ko Bayahude mai bin Yesu zai daina zama Bayahude. Su ne masu gida, mu ne baƙin da ake shawarar yadda za a karɓa.

A unguwar Armeniyawa akwai Cocin Yakubu, ginin ƙarni na 12, inda al'adarsu ta ce kabarinsa yake. Ba a buɗe ta sai lokacin sujada, da sassafe da kuma wajen ƙarfe uku na rana na kusan rabin awa. Wanda ya makara sai gobe. Yusibiyas, wanda ya yi bishop a Kaisariya a ƙarni na 4, ya lissafa shugabannin ikilisiyar Urushalima goma sha biyar daga Yakubu, dukkansu Yahudawa. Bayan tawayen da Yahudawa suka yi wa Roma a ƙarƙashin Bar Kokba daga 132 zuwa 135, Sarki Hadiriyan ya hana Yahudawa shiga birnin, ya sauya masa suna, sai aka naɗa bishop na farko daga Al'ummai, mai suna Markus.

Daga nan reshe ya fara juyewa da mujiya. Wani malami mai suna Markiyon ya ce a jefar da Tsohon Alkawari ɗungum, ikilisiyar Roma ta kore shi wajen 144, kuma ta yi daidai. Amma Jastin Shahidi, haifaffen garin da ake kira Nablus yanzu, ya rubuta wajen 160 cewa Kiristoci ne Isra'ila ta gaskiya, kuma wannan koyarwa ta maye gurbi ta yi jijiya. Yohanna Kirisostom ya yi jerin wa'azi masu zafi a Antakiya a 386 da 387 a kan Kiristocin da ke zuwa majami'ar Yahudawa. A ƙofar babbar cocin Sitirasbog a Faransa, wajen 1230, aka sassaƙa mata biyu: ikilisiya da kambi a kai, majami'a da idanu a ɗaure da karyayyen mashi. Wanda ya je Yad Bashem, gidan tunawa da Yahudawa miliyan shida da 'yan Nazi suka kashe, ya ware awa uku, ya kuma sani ba a shiga babban zauren da yara 'yan ƙasa da shekara goma. 'Yan Nazi ba almajiran Almasihu ba ne, amma sun tarar da gonar da wa'azin raini na ƙarnuka ya riga ya share musu. Kirista ba shi da damar kau da kai daga wannan.

A ranar 28 ga Oktoba 1965 Majalisar Batikan ta Biyu, wato babban taron Cocin Katolika, ta fitar da sanarwar da ta ce ba za a ɗora alhakin mutuwar Yesu a kan dukan Yahudawan wancan zamani ko na yau ba, kuma kada a nuna su a matsayin waɗanda Allah ya ƙi ko ya la'anta. A ɓangaren Furotesta akwai manyan hanyoyi biyu. Masu tauhidin alkawari suna cewa jama'ar Allah ɗaya ce tun daga Ibrahim, an faɗaɗa ta ne cikin Almasihu. Masu tauhidin zamanai, bin Jon Nelson Dabi da Littafi Mai Tsarki mai sharhin Sikofil na 1909, suna cewa Isra'ila dabam, ikilisiya dabam, kuma alkawuran ƙasa suna nan suna jiran cika. Ta biyun ce ta fi yawo a bakin masu ziyara daga ƙasarmu, sau da yawa ba tare da sun san tana da suna ko tarihi ba.

Wurare biyu ne suka fi gwada waɗannan koyarwa. Na farko Cocin Almasihu da ke cikin Ƙofar Yafa a tsohon birnin Urushalima, daura da Hasumiyar Dawuda, wadda aka kammala a 1849. Bishop na Angilika na farko a birnin, Maikel Solomon Alekzanda, wanda ya iso a 1842, tsohon malamin Yahudawa ne. A cikin cocin rubutun Ibrananci ne a bagade da tagogi, kuma har yau Yahudawa masu bin Yesu suna sujada a can. Katolika ma suna da ikilisiyoyi masu sujada da Ibrananci tun 1955. Sai dai a sani, yawancin Yahudawa ba sa karɓar wannan a matsayin Yahudanci, kuma mai ziyara da ya tsaya wa'azi a Bangon Yamma zai jawo fitina ne kawai.

Na biyu Baitalami, kilomita 10 kudu da Urushalima. Motocin Larabawa suna tashi daga tashar da ke kusa da Ƙofar Dimashƙu. A riƙe fasfo da 'yar takardar shiga ƙasa da aka bayar a filin jirgi, domin ba a buga hatimi a fasfo, kuma za a nemi takardar a shingen bincike wajen dawowa. Katangar kankare da ke wurin ta kai mita takwas. Ayarin masu ziyara kan shiga Cocin Haihuwa, su sayi tsaraba, su fita cikin awa biyu ba su gaisa da Kirista ɗaya na garin ba. Alhali akwai su, Larabawa, Otodoks da Katolika da Lutaran, kakanninsu suna bin Almasihu ƙarnuka kafin bishara ta iso Arewa, kuma Larabawa na cikin jerin waɗanda suka ji wa'azin ranar Fentikos. A 2009 wasu shugabannin Kiristocin Falasɗinu suka fitar da takardar Kairos suna roƙon ikilisiyoyin duniya kada su mai da alkawuran Littafi Mai Tsarki hujjar ƙwace musu ƙasa. Ko mutum ya yarda da duk abin da ke ciki ko bai yarda ba, 'yan'uwa ne ke magana. Kuma gwamnatin Isra'ila da aka kafa a 1948 gwamnati ce irin ta 'yan Adam, ana auna ta da ma'aunin adalcin da Amos da Ishaya suka auna sarakunansu da shi.

Ranar ƙarshe muka sauko daga Dutsen Zaitun da ƙafa. Gangaren yana da tsanani, masu ciwon gwiwa su bi mota. A lambun Gatsemani akwai tsofaffin itatuwan zaitun takwas a cikin shinge. Binciken masanan Italiya da aka bayyana a 2012 ya nuna kututturan uku daga cikinsu na wajen ƙarni na 12 ne. Nan ne wurin karanta Romawa 11, inda Bulus ya kwatanta mutanen Allah da itacen zaitun. Bulus ya rubuta wasiƙar daga Koranti wajen shekara ta 57. Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma wajen 49, har da Akila da Bilkisu. Da ya mutu a 54 suka fara komawa, suka tarar ikilisiya ta zama ta Al'ummai, masu baƙunta sun zama masu gida. Waɗannan Al'ummai ne Bulus ke ja wa kunne.

Duk mai lambun mangwaro ya san auren itace. A zaitun ana yin sa da bazararsu, Maris zuwa Afrilu, lokacin da ɓawo ke saɓulewa da sauƙi. A sare reshen uwar, a tsaga ɓawon, a fiƙe ɗan reshe mai ido biyu ko uku, a cusa shi yadda koren da ke ƙarƙashin ɓawonsa zai haɗu da na uwar, a ɗaure tam, a shafe da kaki ko laka. In koren bai haɗu ba, ko iska ta shiga, reshen ya bushe. A ƙa'ida reshen gida mai kyau ake ɗorawa a kan saiwar jeji. Bulus ya juya abin da gangan, ya ma ce saɓanin halitta ne: saiwar ce mai daraja, wato kakanni da alkawuran, mu ne reshen jeji. An sare wasu rassan asali saboda rashin bangaskiya, wasu ne ba duka ba, shi kansa Bulus Ba'isra'ile ne na kabilar Biliyaminu. Ya ce wa reshen jeji kada ya yi fariya, saiwa ce ke ɗauke da shi, kuma wanda bai bar rassan asali ba zai iya sare shi ma. Ya ce Allah na da ikon mai da waɗanda aka sare, kuma baiwarsa da kiransa ba a janye su. A kan aya ta 26, inda ya ce dukan Isra'ila za su tsira, Jon Kalbin, babban malamin Furotesta, ya ce ana nufin dukan jama'ar Allah, Yahudawa da Al'ummai, masu sharhi da yawa kuma suka ce juyowar Yahudawa ce a ƙarshen zamani. Na fi karkata ga na biyun, domin tun daga sura 9 duk inda ya ce Isra'ila danginsa na jiki yake nufi.

Ana buɗe lambun da ƙarfe takwas na safe, kuma kafin tara manyan motoci sun fara isowa. Wanda ke son ya karanta surori ukun, 9 zuwa 11, a zama ɗaya yana buƙatar kamar minti ashirin. Ba a taɓa itatuwan, ba a tsinkar ganye. Daga bakin shingen dai ana ganin sababbin rassa suna fitowa daga gindin tsofaffin kututturan da cikinsu ya riga ya zama kogo.